Auduga Bakwai a Bayan Masaƙa

Masaƙar da nake gadi a Ikeja
ta daina tari tun kafin a ɗauke ni.
Injuna na kwance ƙarƙashin tamfol,
jemagu ne ke aikin dare,
ni kuma ina tsaron kwaɗo da sarƙa.

Matashin kaina ya yage farkon damina,
wanda Iya ta ɗinka min bara a Bakori.
Cikin audugar, gurya goma sha ɗaya.
Na tona gefen kwata na binne.
Bakwai suka amsa.

Legas ba ta rowar ruwa.
Kafin wata biyu sun wuce gwiwata,
ganye kamar tafin hannun yaro.
Wata safiya na ga tafin ya dunƙule.
Na juya shi: darɓa,
cunkus kamar Oshodi da yamma,
kowace ta kafa baki tana zuƙa.
Ba ta tauna, ba ta barin huda a gani,
sha kawai take, a hankali,
irin na mai cin bashi yana murmushi.
Ganyen na danƙo a yatsa,
kiyashi na hawa da sauka suna tatsar zaƙin,
su ne makiyaya, darɓa shanunsu.

Na hau danfo zuwa Oko-Oba.
Ekene ya miƙo kwalba mai hoton ƙoƙon kai:
"Murfi ɗaya a bokiti, Malam."
Na zuba uku.
Na manta zafin nema ba ya kawo samu.
Na ɗaure hanci da ƙyalle, rana tsaka,
na yi ta feshi har ruwan ya ƙare a ta shida.
Ta bakwai, can jikin katanga,
na ce mata gobe.

Washegari ƙasa ta sha gawa.
Na yi murna, sai da na sunkuya:
ga gizo-gizo ya naɗe ƙafafu,
ga zanzaro, ga ƙoƙi-ƙoƙi,
ga wani ɗan jan ƙwaro mai ɗigon baƙi
a kife, kamar ƙwaryar da aka gama da ita.

Sati biyu, darɓa ta dawo da 'yan rakiya.
In na taɓa reshe
farin ƙuda ya tashi kamar an hura garin rogo.
Sun tarar da gari a buɗe.

Morenike, 'yar mai gasa ayaba a bakin ƙofa,
wadda ke karatun aikin gona a Epe,
ta wuce shidan ba ta tsaya ba,
ta tsuguna gaban wadda na manta.
"Baba Nomau, zo ka gani."
Jan ƙwaron nan ne, da 'ya'yansa
masu siffar ƙananan kadoji,
suna bin darɓa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.
Ta ce, "Abokan aikinka ne.
Ba su taɓa tambayar albashi ba."

Na yi shiru.
Shekara tara ina gadi,
na ga mai gadi ban gane shi ba.

Yanzu 'ya'yan darbejiya nake dakawa,
in jiƙa su kwana, in tace,
in narka sabulun salo kaɗan,
in bi bayan ganye da la'asar sakaliya.
Toka a gindi saboda kiyashi.
Kwalbar Ekene ban jefar ba,
tana saman taga, nesa da butar shayi.
Ranar da abin ya fi ƙarfin jan ƙwaro,
murfi ɗaya,
kuma ga mai ciwon kaɗai.

Uku sun tafi. Huɗu sun fashe fari.
Abin da na tsinta bai cika hulata ba.
Na gurje guryar na ƙulle a leda,
sauran na tura cikin matashin Iya, na ɗinke
da zaren buhu, don shi na samu.

Jirage na sauka ta kan rufin masaƙa.
Na kwanta a benci,
kunnena a kan Bakori da Ikeja, a gauraye.