Matokari Na Casa'in Da Bakwai

Ƙarfe biyar da rabi a Arequipa,
dutsen Misti bai gama tuɓe hular dare ba,
ni kuwa na ɗaura tawa, ta kwano,
na kutsa ƙarƙashin katakon hawa na farko.

Aikina ƙirga.
Matokarai ɗari da goma sha biyu, in ji takarda.
Nakan dafa kowanne kamar mai gaida dangi,
in girgiza shi, in ji ko zai yi magana.
Na casa'in da bakwai ya yi.
Ƙafarsa a kan rabin bulo take,
bulon a kan ƙasar da tiyo ya kwana yana jiƙawa.

A bakin ƙofa motoci uku sun iso,
cikinsu na juyi, na juyi.
Kankare ba ya jiran kowa,
ɗan lokaci ne ransa, daga nan sai dutse.

Na busa usur.

Ɗan kwangila Eleuterio ya taho, waya a kunne,
jijiyar wuya a miƙe:
"Fermina, a kan bulo ɗaya?
Kin san kuɗin mota guda?"
Na sani.
Na kuma san nauyin abin da ke cikinta.
Na san Nicanor ne zai rungumi tiyo a sama,
shi da yaron nan ɗan Puno da bai yi wata da zuwa ba,
Saturnino kafinta kuma a ƙasa,
fitila a hannu, yana neman inda ke ɗiga.

Ban faɗa masa wannan ba.
Cewa na yi, "Ba a zubawa."
Muryata ta yi rawa, ƙafata ba ta yi ba.

Siminti ba ya gargaɗi.
Ka tambayi Wilber:
da safe ya zurara masa cikin takalmi, sanyi ƙalau,
ya ce bari a gama tukuna.
Da dare ya zare safa, fata ta biyo ta.
Tun ranar na kafa durom ɗin ruwa kusa da tsani,
wanda ya ga dama ya ce na cika tsirfa.

Ko ka tambayi mahaifina,
in tari ya bar shi ya amsa.
Shekara talatin yana yankan kankare a bushe,
ba ruwa a bakin zarto, ba takunkumi a hanci.
Ƙurar ta shiga a hankali kamar baƙo mai kunya,
ta shimfiɗa tabarma, ta ƙi tafiya.
Matakala tara ce zuwa ɗakinsa.
Sau biyu yake hutawa.

Muka bi sahu da guduma, ni da Saturnino.
Wasu huɗu muka samu:
biyu sun karkace, ɗaya ba ƙusa,
ɗaya tsatsa ta cinye masa wuya.
Saturnino ya dube shi, ya dubi inda zai tsaya,
ya share goshi, bai ce uffan ba.

Mota ɗaya ta juya da kayanta.
An rubuta asarar, sunana a gefe, da jan biro.
Sai sha ɗaya saura muka zuba.
Katako ya yi nishi, ya ɗauka, ya riƙe.

Shi ke nan labarin.
Ba jiniya, ba ɗan jarida,
ba matar da aka kira a waya tana tsaka da wanki.
Abin da bai faru ba, wa zai ba shi suna?

Da rana muna zaune a kan buhunan yashi,
Doña Casilda na raba miyar dankali daga tukunya,
ba wanda ya ce min na gode.
Saturnino dai ya raba piyarsa biyu,
ya turo min ɓarin da ba ƙwallo.

Da yamma na tsaya a ƙofa, na koma ga aikina.
Hula ashirin da uku ta shigo da asuba.
Ashirin da ɗaya, da biyu.
Yaron Puno ne na ƙarshe, igiyar takalmi a kwance.
Na ce ya ɗaure.

Gobe akwai rodi tsirara a gefen gabas,
kawunansu arba'in, murfin da ke sito goma sha takwas.