Gilashin Baya, San Rafael

Ran Talata da la'asar sakaliya ƙanƙara ta sauko,
kowace ɗaya kamar ƙwan zabuwa.
Minti goma sha biyu, na duba agogo.
Inabin da saura mako uku a yanka
ya kwanta a ƙasa jina-jina.
Motar kuwa, tsohuwar da babana ya bar mini,
tana gindin zaitun, ba ta ce uffan ba,
sai da na zagaya bayanta
na ga sararin sama a inda gilashi yake.

Ashe ba ya fashewa irin ta kwalba.
Zubewa yake kamar tsakin masara,
a kan kujerar baya,
a cikin hular Amparo,
har cikin takalmin jikana na hagu.
Kwana tara ina yawo da leda da salatif,
ledar na kaɗawa fal-fal-fal a kan hanya
kamar na ɗauki sanƙira ya yi wa gari shelar asarata.

Herminia Sosa ce mai gilashi, bayan tsohuwar tashar jirgi.
Motoci sun yi layi har bakin kwalta,
kowa da ramin da sama ta yi masa.
Ta dubi tawa, ta ja tsaki:
"Tun ina goye aka daina ƙera wa wannan ƙeya.
Sai dai na gawa, Nicanor, daga wajen 'yan gwangwan."
Na ce, da babu gara ba daɗi.

Ta ɓanɓare tsohuwar roba, ta kankare tsatsa,
ta ce da Tadeo, ɗan ƙanenta, ya kawo ruwan sabulu.
Suka yi wa gilashin rawani da sabuwar roba,
suka cusa igiya cikin tsagarta
har bakin nan ya tarar da wancan.
Yaron na waje, tafukansa biyu a shimfiɗe,
ita tana ciki a durƙushe tana jan igiyar
sannu, sannu,
kamar mai cire wa jinjiri ƙaya,
leɓen roba na hawa kan ƙarfe, taƙi bayan taƙi.
"Kada ka danna shi. Raka shi kawai."

A kusurwa ya cije.
Ta saki igiya, ta kurɓi mate, ta miƙo mini ƙoƙon.
"A nan masu gaggawa ke biya sau biyu."
Muka yi shiru mu uku, har da karen gareji.
Ta ƙara sabulu, ta sake ja.
Ƙwas.
Ya zauna kamar da shi aka haifi motar.

Sai a lokacin na ga abin da ya zo da shi:
can ƙasa ta dama, wata sitika da rana ta cinye,
kifi shuɗi, da sunan wani tafki da ban taɓa zuwa ba,
ƙarƙashinta an karce da ƙusa, rubutun ɗan firamare:
Lautaro.
Tadeo ya zaro reza.
Na riƙe hannunsa.
Wani uba ya taɓa kai yaro kallon ruwa,
ban san inda tasu motar ta tsaya ba,
ba ni ne zan goge musu ranar ba.

Na biya rabi, rabi sai an matse zaitun.
Na ce, "Herminia, ba ki da igiyar
da ke mayar da inabi kan reshe?"
Ta goge hannu a cinya, ko murmushi babu:
"Wannan shagon sai baɗi yake buɗewa."

A hanyar gida babu fal-fal,
shirun har ya dame ni.
Da na karya kwana ta bakin gona na ɗaga ido.
Kwana tara leda tana rufa mini asiri,
yau ga madubi tas, ba ya ɓoye komai:
kunya-kunya na itacen inabi tsirara,
duwatsu masu farin kai a bayansu,
da ɗan kifin nan shuɗi
yana iyo a tsakani.