Wuyan da Bai Amsa Ba

A bayan Limerick, inda gini ya tsaya cik,
gida arba'in babu rufi, babu taga,
kuɗi sun ƙare, magina sun watse,
nan muka same su da asuba cikin yayyafi,
su bakwai, suna kiwo tsakanin bulo da rodi,
ɗaya ta leƙo daga falon da ba a taɓa zama ba.

Aikina a bargar hukuma guda ne:
in ɗora na'ura a wuyan doki,
ta hagu, ƙarƙashin geza, in kasa kunne.
Wanda aka dasa wa ƙwayar shaida sai ta yi ƙara,
lamba ta fito, suna ya biyo, a buga waya.
Wanda ba shi da kowa, shiru.
Shekara tara ina sauraron shirun nan,
har yau bai zame mini jiki ba.

Danda, shiru. Akawal mai ɗingishi, shiru.
Duƙushi biyu da ba su san tafin mutum ba.
Sai goɗiya kili a can ƙurya.
Shuɗiyar igiya aka yi mata ragama tun tana ƙarama,
ta girma, igiya ba ta girma ba,
ta nutse a karan hanci, nama ya rufe ta.
Kofato ya zarce, ya murɗe sama kamar ƙahon rago.
Na ƙirga haƙarƙarinta ban ko taɓa ba.

Colm ya manna takarda a ƙofa: kwana biyar.
Sauran maganar da ƙananan baƙaƙe take.

Rana ta uku yaro ya zo a keke,
Fintan Moloney, rigar ruwa ta yi masa yawa.
Bai gaishe mu ba. Ya yi fito sau biyu.
Goɗiya ta ɗago baki daga dusa,
ta yi haniniya har kwanon rufi ya amsa.
Ya ce a kasuwar dawaki ya saye ta,
Yuro ashirin da tsohuwar waya.
Ya faɗa mata sunanta a kunne, ni ban ji ba.

Kana da fili? Akwai ciyawa bayan makaranta.
Kana da takarda? Ya dube ni.
Na faɗi kuɗin fansa, ya sa na maimaita.
Ya zazzage aljihu a kan buhun dusa,
sha ɗaya da 'yan tsaba, ya jera su tsaf,
kamar jerawar za ta ƙara musu auki.

Na buɗe baki zan yi faɗa kan igiya,
ya ce a haka ya same ta.
Ya gwada da wuƙar burodi,
jini ya zo, ya tsorata, ya bari.

Rana ta huɗu likita Dympna ta zo,
ta tono igiyar, ta wanke, ta ɗinke.
Na ce, gobe fa biyar.
Ba ta ɗago ba. Ta ce, ko gobe ne,
ba da wannan a fuska za ta tafi ba.

Wata gona a Clare ta bugo da yamma,
suna da wurin biyu. Suka zaɓi duƙushin.
Ban ga laifinsu ba,
ingirici bana ya yi tsada.

Babbar mota ta iso kafin gari ya waye.
Akawal ya turje, sai da mutum uku.
Ita ko ta hau da kanta,
ta saba bin duk wanda ya ja.

Yaron ya zo bayan an tashi makaranta.
Ya ga turke, ya ga bokiti a kife.
Guntun igiyar ya roƙa, na ba shi a leda.

Da dare na cike fom biyar.
Launi, tsayi, inda aka tsinta.
A layin mai shi, na'ura ta ce babu,
ni kuwa na ji fito, na ji amsa.
Na daɗe riƙe da biro.
Na rubuta: ba a sani ba.