Zare da Allura

Da safe, a shagona na Bilbis,
zare ya ƙi shiga kafar allura.
Hannu na rawa, ba mai kaɗa masa ganga.
Sai na kurɓa yake natsuwa.

Na sha rubutu, na sha hayaƙi,
na rantse sau bakwai gaban yayana Nomau.
Da na yanke ta da ƙarfin tsiya,
dare biyu, sai ga kyankyasai cike da bango,
ni a ƙasa ina shure-shure.

A asibitin Tawa
likita Ramatu ba ta yi mini wa'azi ba.
Kwalba nawa a yini? Tun yaushe?
Ta ɗebi jini, ta latsa hanta,
ta ce ciwo ne, an gwada maganinsa
kan mutane da yawa kafin ni.
Bari farat ɗaya yana kisa,
kwanta nan muna dubanka.

Kwana biyar. Sannan ƙwaya kowace safiya
don ƙishin da ruwa ba ya kashewa.
Ran Laraba mu shida kan benci,
har da malamin lakwal,
muna koyon gane sa'ar da sha'awa ke sallama.
Tawa bayan la'asar ce, in kuɗin ɗinki sun shigo.

Wata na uku na zame.
Na koma, kai a sunkuye.
Ta buɗe kundi: to, me ya faru ran nan?

Yau Lahadi, kasuwa ta cika,
riga huɗu na jirana.
Na lashi bakin zare,
na ɗaga allura wajen haske.
Ya wuce.