Ƙarfe Kilo-Kilo

A Dilimi na gan ta,
bayan rumfar masu tsofaffin lagireto,
ta durƙusa a kan duwatsu huɗu
kamar saniyar da ta ƙi shiga kasuwa.
Fijo ce, a-kori-kura,
shuɗiya a da, yanzu launin kunun kanwa.
Kaza har ta yi ƙwai a kujerar direba.

Ƴan gwangwan sun riga ni zuwa da sikelinsu.
Su kilo suke lissafi,
ni kuwa ƙuruciyata nake tayawa.
Dillali ya ga idona ya maƙale a ƙofar hagu,
wurin da fenti ya koɗe daidai faɗin gwiwar hannu,
sai ya yi tari, ya ƙara dubu ɗari.
Na biya.
Kuɗin sallamata ne daga hukumar ruwa,
waɗanda Ladingo ta riga ta rufa ɗaki da su a ranta.

"Ka sayo mana akurki," in ji ta,
ta koma tankaɗenta.

Wata tara Chollom yana kwance a ƙarƙashinta,
ƙafafunsa kaɗai nake gaisarwa.
Kafireto daga Bukuru,
fitila ɗaya daga hannun wani tsoho a Gangare
da ya ce sai na sha shayi kafin mu yi ciniki.
Ya ce a shafe koɗewar ƙofar nan.
Na ce taɓa ko'ina, ban da nan.

Don ni na san gwiwar da ta ci fentin.
Sallau ne, maigidana,
lokacin ina karen mota, ina ɗan sha bakwai,
a kan buhunan dankali daga Bokkos,
sanyi na yanka kunne,
waigi a hannuna kamar jariri.
In mun dawo ta Hawan Kibo da lodin doya
ta fara nishi, ta fara tunanin komawa baya,
sai in ji: "Tanimu, dira!"
In dira, in cusa icen a bayan taya,
in tsaya ina haki, hazo na haɗiye kwarin.

Ranar da ta tashi,
yaran unguwa bakwai ne suka tura.
Ta yi atishawa, ta yi baƙin hayaƙi,
ta kama.
Ban zame ko'ina ba sai Rikkos.

Sallau ya makance shekara shida.
Jikarsa ta riƙo shi zuwa ƙofar gida.
Ya dafa hancin motar,
ya karkata kai, ya ce in taka totur.
Na taka.
Ya ce in sake.
Ya shafa ƙofa, ya sa gwiwarsa a gurbin nan,
ta zauna daram.

Sai ya yi dariya har ya nemi bango.
"Tanimu, ba ita ba ce.
Tamu tana da wani kuka a ƙirji,
kamar mai jin kunyar tari a masallaci.
Tamu a Akwanga ta ƙone, ka manta?
Duk direban kirki haka yake cinye ƙofarsa."

Na tsaya da makulli a hannu.
Rufin Ladingo ya faɗo mini a rai,
da wata taran Chollom.

"To, buɗe mini mana," in ji shi.
"Ko baƙuwa ce, ai ƴar gidan ce."

Muka bi ta Farin Gada a hankali,
masu kabeji suna ɗago kai,
ƴan acaba suna mana ihu mu kauce.
Giyar tana nan a wuyan sitiyari inda na bar ta.
Kafin in kai hannu, ya riga ni da baki:
"Sa ta biyu, yaro, hawa ne a gaba."

Kuma hawa ne.