Batirin Arzika

A Gummi, bayan tashar mota,
Arzika mai gyaran rediyo yana da talabijin,
fari da baƙi, faɗinsa bai kai faifai ba.
Batirin mota ke ba shi rai,
eriyarsa kuwa murfin tukunya ne bisa gora.

Ran wata Asabar, da la'asar sakaliya,
muka jeru kan tabarma mu goma sha uku,
kowa ya biya da abin da ya samu.
Ni ƙwan zabo biyu, Nomau guntun rake.
Jatau bai kawo komai ba,
sai aka ba shi riƙon gora.

Aka sako katun.
Daji ne, itatuwa sun haɗa kai
har rana ta rasa inda za ta sa ƙafa.
Sai ga mujiya da tabarau.
Muka ja tsaki.
A garinmu ba a yi wa mujiya sannu,
dutse ake nema.
Amma wannan ita ce babba a dajin,
zomo da kurege har durƙusa mata suke.

Can wata mota mai haƙora ta kunno kai,
tana cin itace kamar akuya ta samu harawa.
Mujiya ta sha gabanta,
tana zuba Turanci ta hanci.
Muka ce, "Arzika, me take cewa?"
Ya gyara zaman hula, ya ce, "Bashi take bin direban."
Muka tuntsire.
Hawaye na bin ƙasan tabarau,
mu kuwa har da buga ƙafa.

Saura itace ɗaya tak
hoton ya soma tsukewa,
ya koma ɗigo fari kamar ƙwayar gero,
ya ɗauke.
Batiri ya ƙare.
Jatau na waje yana ta juya gora har magariba,
an manta ba a gaya masa ba.

Ban taɓa ganin ƙarshen ba.

Yau shekara talatin da 'yan kai.
Sana'ata gawayi.
Ko a duhu ina bambance kirya da marke
da ƙamshin hayaƙinsu.
Da can kafin hantsi mun cika amalanke,
yanzu sai mun yini bisa babur, mu kwana,
kuma dajin ba kullum yake shiguwa ba.
Ni ba ni da mota mai haƙora.
Gatari gare ni, da 'ya'ya shida,
da mai shago da ya daina amsa gaisuwata da fara'a.

Jiya Tumba, autata, ta zo da wayar yayanta.
"Baba, faɗi sunansa, nan ciki komai akwai."
Suna? Lokacin ko baƙi ba mu iya haɗawa ba,
Arzika kuma ya shekara tara a ƙasa.
Ta rubuta mujiya, ta rubuta tabarau,
aka jero mata mujiyoyi sun fi ɗari,
babu tawa.

Ta ce, "To a ganinka yaya aka ƙare?"
Na dubi tafin hannuna,
baƙin da sabulu ya gaji ya bar min.
Na ce mata itacen ya tsira.
Ta ce, "Da gaske?"
Na ce, "Miƙo min buta."

Bayan isha'i na fito shan iska.
Kan tsamiyar masallaci,
wadda ba mai ƙarfin halin sa mata gatari,
wani abu ya yi kuka sau biyu.
Hannuna ya riga ni kai wa ƙasa, don sabo,
har na taɓa dutsen.
Na daɗe a sunkuye.

Bashi take bi, in ji Arzika,
mutumin da ko "zo in kashe ka" bai sani ba da Turanci.