Bakin Allura

Shekara ashirin da uku ina sayen wake a kasuwar Maraɗi,
ban taɓa kwance buhu kafin in biya ba.
Ƙarfe gare ni, siriri, bakinsa kamar na alƙalamin kara.
In soka, in karkata,
ƙwaya goma su gangaro tafina.
Da goman nan nake yanke wa buhu hukunci.

Bana ni ne buhun.

Habsu ta fara gani, ina shan fura:
"Sahabi, wani abu na hawa da sauka a wuyanka."
Na ce tsufa ne.
Daga ɗan aduwa ya kai goriba,
har maɓallin riga ya ƙi shiga gidansa ranar Juma'a.
Nan na yarda maƙoƙo ne,
kabu-kabu ya kai ni asibiti.

Likita Barira ta sa matashi ƙarƙashin kafaɗata.
"Kada ka haɗiye yawu, kada ka yi magana."
Ni da ciniki ke ci da ni, aka ce in kama bakina.
Allurar ba ta kai ƙayar bagaruwa zafi ba.
Abin da ta zuƙo bai cika idon fara ba,
aka shafa shi a kan ɗan gilashi,
aka rubuta sunana a gefe.

Kwana goma sha biyu.
Na auna wa mutum tiya huɗu, na karɓi kuɗin uku.

Takarda ta zo da Faransanci, Mutari ya karanta mini:
abin da aka ɗebo bai isa a ce komai ba,
jini kawai allurar ta sha.
Habsu ta fara kuka, ni kuwa dariya ta kubce mini.
Na san wannan!
Wani zubin ka soka ƙarfe ya faɗa kan ƙaiƙayi,
ba laifin wake ba ne, sai ka sake.

Karo na biyu da na'urar hoto aka yi.
Na saci kallo: cikin wuyana kamar hadarin Agusta,
ga allura, farin tsinke, tana ratsa gajimare
har inda likita ta nufa.

Wannan karon takarda ta yi magana:
ba ciwon daji ba ne.

Na ce, "Likita, tsakaninki da Allah, har ina kika tabbata?"
Ba ta yi mini zaƙin baki ba.
"Galibi gaskiya allura ke faɗa, shi ya sa ba mu yanka kowa.
Amma inda bakinta ya taɓa, nan ta sani.
Ka dawo bayan wata shida mu auna.
In ya ƙaru, ko murya ta dushe, kada ka jira watan."

Na tuna buhun Ɗan Jimo na Tibiri.
Na soka, fari tas, na biya ina murna.
Da aka kwance shi a Jibiya,
kusurwa guda ƙwari sun mayar da ita gari.
Na tuna wani kuma da na ƙi,
don ƙwaya uku masu huji sun fito,
maƙwabcina ya saya, ya ci ribar da har yau yake mini gori.
Buhu biyu ke nan da nake iya tunawa,
cikin dubban da ƙarfen nan ya gaya mini gaskiya.
Ban jefar da shi ba.

Na koma rumfa.
Yanzu wuri uku nake sokawa, sama, ciki, gindi,
masu kawo kaya suna cewa Sahabi ya yi tsanani.
Habsu ta matsar da maɓallin da zare baƙi,
ta ja layi a bangon ɗaki, tana ƙirga watanni.
Da asuba, wajen alwala,
hannuna yakan tsaya a wuya kaɗan
kafin ya wuce.